Ka cike fom ɗin aiki, amma imel ɗin yana hannun wa?

Mai Kafe:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai na ce sai na faɗa. Ni sana'ata kafe a nan Kano: cike fom, sikanin, firintin. Duk sanda aka buɗe fotal ɗin ɗaukar aiki, na 'yan sanda ne ko na kwastam ko na hukumar CDCFIB mai ɗaukar sibil difens da shige da fice da 'yan kwana-kwana da gandirobobi, shagona cika yake maƙil. Kowa sauri yake, a cike masa ya tafi. Sai bayan watanni a ce sunaye sun fito. To a nan ake yin ta. Mutum zai zo ya tsaya a kaina ya ce in duba masa. Da wane imel aka cike maka? Bai sani ba. Wace lambar waya aka sa? "Ina jin ta yayana ce." Ina silif ɗin da aka fitar maka? An wanke shi a aljihun wando. Wani ma ba a wajena ya cike ba, can wani shago ne da tuni aka rufe, mai shagon ne ya buɗe masa imel, kuma ya tafi da kalmar sirrin.

Wallahi abin yana ƙona min rai. Mai yiwuwa sunan yaron nan yana cikin waɗanda aka kira jarrabawa, amma ba shi da hanyar ganewa. Ba a kayar da shi ba, ba a ƙwace masa ba, ƙofar ce kawai ya kasa buɗewa. Don Allah ku da kuke neman aiki, da waɗanda suka samu, yaya kuke tsara abinku? A taimaka wa ƙannenmu.

Ummu Khalil:
Wa'alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Malam. Ni littafi nake amfani da shi, irin mai bango mai tauri ɗin nan. Kowane aiki na nema shafinsa daban. A sama na rubuta sunan wurin da muƙamin, sai ranar da na tura, ranar rufewa, inda na ga tallan, imel da lambar da na sa, lambar da fotal ya ba ni, da wace CV na tura. Ƙasan shafin na bar shi fili, duk abin da ya biyo baya nan yake shiga: an kira, an turo saƙo, na je intabiyu, an yi shiru. Idan magana ta mutu sai na ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Littafin ba ya fita daga durowar ɗakina.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Anti, da girmamawa, littafi a wannan zamanin? Google Sheets, teburin jera bayanai na Google, kyauta ne, yana cikin waya, duk inda kike kina tare da shi. Idan aka kira ki kina cikin adaidaita sahu fa, littafi yana durowa?

Ummu Khalil:
Ƙanina, idan aka fizge wayar a cikin adaidaita sahun fa?

Ɗan Bautar Ƙasa:
Ai ba a cikin wayar yake ba Anti, yana kan asusun Google. Na ari wata waya na shiga na same shi.

Ummu Khalil:
Ka shiga da me? Google zai turo lambar tabbatarwa zuwa layin da yake cikin wayar da aka sace. Sai ka je ofishin kamfanin layi ka bi layi an dawo maka da shi tukuna. Ban ce naka ba kyau ba. Amma kalmar sirri da lambobin fotal, ni dai a takarda nake son ganinsu.

'Yar Maiduguri:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma ba littafi ko waya ba ne matsalar. Bari in faɗa muku abin da muke gani daga ɗaya ɓangaren, don ina aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wata ƙungiyar agaji.

Muna fitar da talla, mu rubuta ƙarara cewa a sa lambar muƙamin a kan saƙon. Da wannan lambar muke ware saƙonni. Wanda ya turo da kan saƙo babu komai, ko ya rubuta "neman aiki" kawai, nasa ba ya faɗawa inda muke dubawa. Ba mugunta ba ce, saƙonnin ne suke da yawan da ba mai iya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan sunan fayil. Sai ka ga fayiloli rututu duk sunansu "CV" ko wata doguwar lamba da kyamarar waya ta ba su. Sa cikakken sunanka a jikin fayil ɗin, ka mayar da shi PDF, shi ke nan. Wani kuma zai ɗauki hoton takardunsa a kan tabarma, ga inuwar hannunsa, ga ɗan yatsansa a gefe, ya turo guda goma sha a warwatse.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kiran waya. Mun zaɓi mutum, mun kira shi. Ko dai ba a ɗauka, don baƙuwar lamba ce. Ko a ɗauka a ce "wa ke magana?" cikin faɗa. Ko ka gabatar da kanka ya ce, "Wace ƙungiya? Wane aiki na nema a wajenku?" Ku yi tunanin yadda wannan yake sauka a kunnen mai ɗaukar aiki. Mutum ya tura wurare da yawa, ba laifi ba ne. Amma ya san inda ya tura.

Shawarata guda ɗaya da ba na son a manta: ku adana tallan kansa. Ranar da wa'adi ya cika, wurare da yawa sauke tallan suke daga shafinsu. Bayan wata biyu a kira ka intabiyu, ka koma ka duba me suka ce suna nema, babu shi. Alhali tambayoyin da za a yi maka daga cikin wannan tallan aka tsamo su. Ka ɗauki hotonsa ko ka kwafe rubutun gaba ɗaya ranar da ka tura.

Bakatsine:
Ni fa ina karanta ku ina mamaki. Kamar ba a Najeriya kuke ba. Wane littafi, wane PDF? Aikin gwamnati yanzu gurbi ne, ana raba shi tun kafin a buɗe fotal. Sanata na da nasa, ɗan majalisa na da nasa, sarki na da nasa. Fotal ɗin cika sharaɗi ne kawai. Ɗan talaka ya tsara takardunsa har ya sa musu turare, in ba shi da uwa a gindin murhu yana nan a gida. Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, na cike duk abin da aka buɗe, ko jarrabawa ba a taɓa kirana ba. Kada ku sa yaran mutane su ɗauka laifinsu ne.

Malama Nas:
Allah ya kawo mafita ɗan'uwa. Akwai ciwo a maganarka, kuma ba kai kaɗai ba ne.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana Bakatsine, zauna mu yi magana. Na yi aiki a sashen kula da ma'aikata har na ajiye, ba zan zo da furfurata in ce maka babu alfarma ba. Akwai, na gani da idona, kuma zalunci ne. Wanda ya ce maka duk wanda bai samu aiki ba sakacinsa ne, bai yi maka adalci ba. Guraben ba su kai yawan masu nema ba, ko kusa. Duk wanda yake da wayo a watan Maris na 2014 yana tuna abin da ya faru a jarrabawar ɗaukar jami'an shige da fice, yadda aka tara matasa a filayen wasa bayan kowa ya biya naira 1,000, aka yi turmutsitsi, aka rasa rayuka a Abuja da wasu garuruwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka girman abin.

Amma ga abin da nake so ka duba. Ko wanda aka yi wa alfarmar, ranar tantancewa sai ya ajiye takardu a kan tebur. Na sha ganin yaro an kawo sunansa daga sama, aka buɗe fayil, sunan da ke satifiket ɗin sakandare daban, na digiri daban, shekarun haihuwa iri biyu. Mai yi masa hanyar ma sai ya janye jiki. Na kuma ga waɗanda ba su san kowa ba sun shiga, saboda Hukumar Raba Daidai ta Tarayya tana bin diddigin kason kowace jiha, wani lokaci a nemi ɗan wata ƙaramar hukuma mai cikakkun takardu a rasa. Ba kullum ba, amma yana faruwa. To ranar da irin wannan ta faɗo, a same ka a shirye.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ba don in ƙure ka ba. Da ka ce ba a taɓa kiranka ba, duk wuraren nan da ka cike, kana iya shiga kowanne yau ka duba da kanka?

Bakatsine:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wasu ina iya shiga, wasu a kafe aka cike. Amma ko da zan shiga duka, ra'ayina bai canja ba.

Baba Mai Ritaya:
Ban nemi ka canja ba ɗana. Ka dai bi waɗancan na kafen ka karɓo makullansu.

Mai Kafe:
Baba ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi, maganar suna. Mu Hausawa wannan ita ce babbar matsalarmu a fotal. Yaro a firamare an rubuta masa Muhammadu, a WAEC ya zama Mohammed, a NIN Muhammad, a banki kuma an gajarce shi zuwa Moh'd. Wani a sakandare sunan garinsu ne a ƙarshe, da ya shiga jami'a ya cire ya sa na kakansa. Wani sunan mahaifi ya koma gaba, nasa ya koma baya. A gida duk mutum ɗaya ne, kowa ya san shi. Kwamfuta kuwa ba ta san haka ba. Yanzu fotal da yawa da ka zuba lambar NIN ɗinka mai lamba 11, shi zai jawo suna da ranar haihuwa da kansa, ba ka da ikon taɓawa. In ya saɓa da satifiket, sai ranar tantancewa ka ji ana cewa koma gefe.

Ga kuma ranar haihuwa. Ku duba yawan waɗanda aka rubuta musu 1 ga Janairu, don ba a san ainihin ranar ba aka cike haka. Wannan ba matsala ba ce in dai ko'ina haka take. Matsalar ita ce a ga 1 ga Janairu a nan, a ga wata rana a can.

Gyaran nan ba na kwana ɗaya ba ne. Rantsuwar kotu, bugawa a jarida, gyara a NIMC mai ba da NIN, kowanne yana cin lokaci da kuɗi. Wanda ya bari sai an buɗe fotal mai wa'adin mako uku sannan ya fara, ya makara. Lokacin da babu abin da aka buɗe, lokacin ne na baje takardu a tabarma a karanta su harafi bayan harafi.

Ummu Khalil:
Mata kuma a ƙara mana da maganar aure. 'Yan'uwana, kada a yi gaggawar cire sunan mahaifi a sa na miji a NIN ko a banki alhali duk satifiket da sunan mahaifi suke. Ko a addinance ma ana danganta mutum ga mahaifinsa ne. Na san mata da wannan ya wahalar.

Malama Nas:
Gaskiya ne Ummu. Ni ina so in ƙara da takardun da suke mutuwa. Mu ma'aikatan jinya lasisinmu na Majalisar Nas da Ungozoma sabunta shi ake yi, malaman makaranta kuma suna da na TRCN. Kana zaune kana jiran aiki, lasisi ya ƙare ba ka lura ba, sai talla ya fito ana neman mai rai. A shafin farko na littafin nan da Ummu ta ce, ko a saman teburin ƙaninmu na Google, a rubuta kowace takarda da ranar da za ta ƙare.

Ni folda ɗaya nake da ita a Google Drive, da kwafinta a filashi. A ciki akwai satifiket na firamare da sakandare, na makarantar jinya, lasisi, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, silif ɗin NIN, da fasfo mai farin baya. Kowacce iri biyu na ajiye, mai nauyi da mara nauyi, domin wasu fotal ba sa karɓar fayil in ya wuce girman da suka ƙayyade. Sau ɗaya na biya aka yi min sikanin mai kyau, ban ƙara biya ba.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku daga nan Nijar. Mu wajenmu har yanzu gasar shiga aikin gwamnati takarda ce ta fi ƙarfi, dosiye, wato fayil na takardu, ake haɗawa a kai. Amma maganar Malama ta takardu masu mutuwa ta same mu sosai. Takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta ka ba, sai wadda ba ta wuce wata uku ba ake karɓa. In ka ciro ta da wuri ta mutu kafin a buɗe, in ka jira kuma layi ya kashe ka. Sai takardar zama ɗan ƙasa da ta haihuwa da difloma, kowacce sai an buga mata hatimin tabbatarwa. Masu wayo suna ajiye kwafi da yawa masu hatimi na waɗanda ba sa mutuwa, su bar ta kotun kaɗai sai sanarwa ta fito. Ƙungiyoyin agaji kuwa ta imel suke karɓa kamar naku, kuma da yawa suna son katin rajista na ANPE, hukumar samar da aikin yi ta Nijar. Ciwon ɗaya ne.

Mai Kafe:
Barka da zuwa mutanen Katsinar Maraɗi. Ashe abin har can.

Ɗan Bautar Ƙasa:
To ni ga tambayata. Ina cikin zaurukan WhatsApp da Telegram na tallan aiki masu yawa, ga Jobberman, ga MyJobMag, ga LinkedIn. Kullum sai na tura wurare da dama. Wani yayanmu ya ce min abin yawa ne, in ka watsa da yawa dole ɗaya ta kama. Idan zan tsaya rubuta kowanne da adana talla da gyara CV, ai guda biyu zan tura a rana.

'Yar Maiduguri:
To ka tura biyun. Wallahi da gaske nake. CV ɗaya da aka watsa wa wuri hamsin muna gane ta da kallo ɗaya. Har da waɗanda suke mantawa su bar sunan wata ƙungiyar a cikin wasiƙar da suka turo mana. An ce ana neman mai shekara biyar a aiki kuma mai jin Kanuri, kai ba ka da ko ɗaya, me ya kai ka? Ka ƙona data, ka ƙona lokaci, sannan shirun da za a yi maka ya ƙara karya maka zuciya a banza.

Bakatsine:
A nan kam ban yarda da ke ba Hajiya. Ku kuna cikin ofis da albashi, sauƙi ne ku ce a zaɓa. Wanda yake zaune a gida shekara da shekaru ba ya zaɓe. Kuma sharuɗɗan nan naku su ne matsalar. Kowa shekara biyar, kowa shekara uku. A ina sabon ɗalibi zai samo shekarun in ba wanda zai fara ɗaukarsa?

'Yar Maiduguri:
Wannan ƙorafin naka gaskiya ne Malam, ni ma ina faɗarsa a wurin aiki. Kuma ban ce sai ka cika kowane sharaɗi ɗari bisa ɗari ba. Akwai sharaɗin da yake dole, kamar lasisi ko yare ko shekarun haihuwa, akwai wanda ake cewa an fi so. Na biyun in ba ka da shi gwada. Sannan shekarar bautar ƙasa aiki ce, koyarwar da mutum ya yi a N-Power aiki ce, aikin sa-kai a rigakafi ko aikin wucin gadi na zaɓe duk aiki ne. Mutane ba sa rubuta su don ba su ajiye ranakun ba, ba su karɓi takardar shaida ba. Duk inda ka yi aiki ko na wata ɗaya ne, ka nemi takarda kafin ka bar wurin, ka rubuta lambar wanda ya shugabance ka.

Kuma masu tsaya maka, waɗanda kake sa sunansu a ƙarshen CV. Ka sanar da su. Mun sha kiran malamin jami'a ya ce bai tuna mai wannan sunan ba. Ba ƙarya ya yi ba, ɗalibansa dubbai ne, kai kuma ba ka gaishe shi ba tun da ka karɓi sakamako.

Baba Mai Ritaya:
'Yata ta faɗi gaskiya a kan masu tsayawa. A al'adarmu ma ba a sa sunan babba a takarda ba tare da an je an gaishe shi an nemi izini ba.

Ɗana mai bautar ƙasa, ni shawarata a kan yawan zaurukan nan ce. Waya tana ƙara tun asuba har dare, talla ɗaya ya zagayo sau bakwai, kana ganin kamar kana ƙoƙari alhali kallo kawai kake yi. Ka ware lokaci, misali bayan sallar asuba zuwa hantsi, ka zauna ka yi neman kamar aikin ofis. In lokacin ya cika ka rufe, ka fita ka nemi na cefane ko ka koyi wani abu. Ranar Juma'a da yamma ko Asabar ka buɗe littafin ka bi shafi-shafi: wanne zai rufe a mako mai zuwa, wanne ya kamata a leƙa fotal ɗinsa. Na ga yaran da zaman jiran nan ya cinye su har suka daina fita cikin mutane, kuma abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Na gode Baba. Akwai dabarar da nake yi ma: a WhatsApp mutum yana iya tura wa kansa saƙo. Duk tallan da ya dace da ni sai na tura can, zaurukan kuma na kashe musu ƙara.

Ummu Khalil:
Wannan ta yi kyau. Amma ka riƙa sa ranar rufewa a ƙararrawar waya, kuma ka ja ta baya da kwana uku. Ranar ƙarshe fotal ɗin gwamnati ba ya buɗuwa, kowa ya rugo a lokaci ɗaya.

Mai Kafe:
Ƙwarai. Ranar ƙarshe har tsakar dare muke kaiwa muna fama, shafi yana ta juyawa.

Bari in koma kan imel, don akwai abubuwan da mutane ba su sani ba. Gmail yana ba ka 15GB kyauta, amma shi da Drive da hotuna duk rumbu ɗaya suke ci. Tun 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma a ciki ake lissafa ta. In ya cika, saƙo ba ya shigowa, komawa yake wajen wanda ya turo, kai kana nan kana cewa an yi maka shiru. Na sha buɗe imel ɗin mutum na tarar da jan rubutu a sama, bidiyon biki sun cinye wurin. Na biyu, a riƙa leƙa akwatin Spam, gayyatar jarrabawa tana yawan faɗawa can, kuma abin da ya kwana 30 a ciki gogewa yake da kansa. Na uku, Google ya sanar cewa asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba zai iya rufe shi. Layin waya ma haka, in ka jefar da shi ya daɗe, kamfani sayar wa wani yake yi, da shi da duk saƙon da za a turo maka.

Don haka imel ɗaya, layi ɗaya, na neman aiki, da sunanka na gaskiya, kuma layin da NIN ɗinka aka yi masa rajista. Ko a wajena ka zo, ka karɓi kibod ka zuba kalmar sirrinka da hannunka, in an gama ka tabbata an fita daga asusun kafin ka tashi. Abokan sana'ata da suke riƙe wa mutane kalmar sirri don a dawo a sake biyansu, ku ji tsoron Allah. Amana ce.

Wani Mai Kafe:
Malam a yi mana adalci. Da yawa mu muke roƙonsu su rubuta, su ce "riƙe min kawai." Wani ko karanta imel ɗin ba zai iya ba. In ba mu riƙe ba ɓata zai yi gaba ɗaya.

Mai Kafe:
Na yarda akwai haka ɗan'uwa, ban yi kuɗin goro ba. Amma ka rubuta masa a bayan silif ɗinsa, ka sa ya ɗauki hoto da wayarsa ya tura wa wani nasa a gida. In ka rufe shago ko ka tashi daga unguwar fa?

Malama Nas:
Akwai wata fa'idar rubutawa da ba a ambata ba. 'Yan damfara. Saƙo zai shigo, "an zaɓe ka, ka biya kuɗin fom ko na gwajin lafiya ko na kaki." Wanda ba shi da lissafin inda ya nema sai ya ce wataƙila ɗaya daga cikinsu ne, ya tura kuɗi. Mai littafi kuwa buɗewa zai yi ya ga bai taɓa neman wurin ba, magana ta ƙare. Galibin shafukan hukumomin gwamnatin tarayya da gov.ng suke ƙarewa, na sojoji da mil.ng, kuma su kansu hukumomin suna ta shela cewa cike fom ɗinsu kyauta ne. Duk wanda ya nemi lambar katin ATM ko lambar da banki ya turo maka a waya, ɓarawo ne.

Mata 'yan'uwana kuma, in aka kira intabiyu, a rubuta adireshi da sunan wanda ya kira a bar wa wani a gida. In aka ce a otal ne da yamma, ko a zo ke kaɗai, a haƙura da aikin.

Bakatsine:
Na damfara kam gaskiya ne. Akwai wani a unguwarmu da aka sayar da gonar gidansu aka biya kuɗin gurbi, aka ba shi takardar kama aiki, ya je Abuja aka ce ta bogi ce. Amma ku lura, abin da ya kai shi ga saye shi ne ya ga wasu sun saya kuma tasu ta yi. Nan ne gizo ke saƙar, ba a littafi ba.

Baba Mai Ritaya:
Haka ne ɗana, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta da ya kamata a buɗe mata nata zaren. In ka buɗe zan zo, ina da abin faɗa.

Shugaban Zaure:
Mun gode wa kowa. Tun da maganar ta zo nan, daga yau duk mai sa tallan aiki a zauren nan sai ya haɗa da adireshin shafin hukumar ko kamfanin na asali, da ranar rufewa, da waɗanda suka cancanta. Tallan da babu waɗannan za mu goge shi. Ummu Khalil, don Allah ki ɗauko mana hoton shafi ɗaya na littafinki, ki rufe bayananki, mu maƙala a sama. Ƙaninmu mai bautar ƙasa, kai ma ka kawo naka na Google ba komai a ciki, kowa ya ɗauki wanda ya fi masa.

Bakatsine:
Ranka ya daɗe a ƙara ɗaya. Duk wanda aka kira jarrabawa ko tantancewa daga tallan da aka sa a nan, ya dawo ya faɗa, da ranar da aka kira shi da ta wace hanya. Mu ma mu san waɗanne ne suke kira da gaske.

Shugaban Zaure:
An karɓa. Kai za ka riƙe mana wannan lissafin.

Bakatsine:
To, zan riƙe. Hajiya ta Maiduguri, in babu damuwa zan turo miki CV ɗina ki duba min.

'Yar Maiduguri:
Turo Malam, amma sai bayan isha'i zan samu dubawa. Ka haɗo da tallan aiki ɗaya da kake son nema, don in san da me zan auna ta.